Babi na Shida: Alwatikar da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa sayayya a intanet ta kwamfuta ya san wani ɗan takaici, ko da bai san sunansa ba. Ga jerin zaɓi, wanda masu sana'ar ke kira menu, an tsara shi a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa: littattafai, kayan lantarki, tufafi, kayan girki. Mai saye ya ɗora kibiyar linzaminsa a kan kayan lantarki, nan take wani faffaɗan akwati ya buɗe a dama, cike da ƙananan zaɓuɓɓuka. Idonsa ya hango wayoyin hannu can ƙasa-ƙasa. Hannu kuwa ba ya tsayawa shawara, sai ya yanke a karkace zuwa inda ido ya nuna masa. Ana cikin tafiya kibiyar ta ɗan taka layin tufafi, takun da bai kai ƙiftawar ido ba. Shi ke nan, akwatin wayoyi ya ɓace, riguna da takalma sun maye gurbinsa.

Sai a sake lale. A karo na biyu bawan Allah ya shiga taitayinsa: ya ja kibiyar dama sak, a cikin siririn layi, kamar mai tafiya bisa katanga, sai da ya tabbata ya shiga akwatin sannan ya gangaro. Na'ura ta koya masa ladabi ke nan, alhali ita ya kamata ta koyi halin hannunsa.

Masu gina shafuka sun daɗe da sanin wannan cuta, kuma maganin da suka saba bayarwa jinkiri ne. Idan kibiya ta bar layi, a ɗan dakata tukuna kafin a canja akwati, ko wucewa kawai take yi. Maganin yana ci, sai dai yana barin tabo: jerin yakan zama kamar yaron da aka taso daga barci aka aika, duk abin da aka ce masa sai ya yi hamma kafin ya motsa.

A watan Maris na 2013 wani injiniyan manhaja mai suna Ben Kamens, wanda a lokacin yake aiki da Khan Academy a Amurka, ya lura cewa jerin zaɓin Amazon ya tsira daga cututtukan biyu. Idan aka yi sama da ƙasa da kibiya a kan jerin, akwatunan suna canjawa nan take, babu jan ƙafa. Idan kuma aka yanke a karkace zuwa cikin akwati, ba ya gudu. Kamens ya zauna ya bi diddigin abin, ya gano cewa sirrin alwatika ce, mai kusurwa uku irin ƙyallen da tela kan saka a ɗinki don mai tufa ya sami sakewa. A duk lokacin da kibiya ta motsa, rubutun umarnin da ke bayan shafin yana ƙiyasta wata alwatika: kusurwa ɗaya a inda kibiyar take, sauran biyun a sama da ƙasan gefen da akwatin ya manne da jerin. Idan takun kibiya na gaba ya faɗa cikin alwatikar, alama ce mai linzamin akwatin ya nufa, sai a riƙe masa shi a buɗe ko da ya tattake layuka uku a hanya. Idan takun ya faɗa waje, to ya sake shawara, sai a canja ba tare da ɓata lokaci ba.

Kamens ya rubuta tasa sigar, ya sa mata suna jQuery-menu-aim, ya sake ta kyauta. Mai karanta ta zai yi mamakin ƙanƙantarta. Tana ajiye wurare uku na ƙarshe da kibiya ta bi, tana auna karkatar layin da ya tashi daga kibiyar zuwa kusurwoyin nan biyu, kuma idan ta ga alamar an nufi akwati sai ta jira milisakan 300, wato ƙasa da sulusin sakan, ta sake dubawa. Iyakarta ke nan.

Abin dariyar shi ne dabarar ba sabuwa ba ce. Injiniyoyin Apple sun saka irinta a jerin zaɓin Macintosh tun a shekarun 1980, kuma Bruce Tognazzini, ɗaya daga cikin tsofaffin masu tsara fuskar manhaja a kamfanin, ya yi rubutu a kanta. Duniyar shafukan intanet ta zo daga baya, ta fara komai daga tushe, ta shafe kusan shekara ashirin tana koyon yadda ake kaɗa jerin zaɓi da girgiza shi da zamar da shi, kafin yawancin masu sana'ar su waiwayi tambayar da ta fi muhimmanci, wato ina hannun nan ya dosa.

Shafukan farko ba su san motsi ba. Jerin zaɓi kalmomi ne shuɗɗa masu layi a ƙasa, a danna a tafi. A watan Mayu na 1995 Brendan Eich ya ƙera wani ƙaramin harshen umarni ga kamfanin Netscape cikin kwana goma. An fara kiransa Mocha, aka koma LiveScript, a watan Disamba ya zama JavaScript. Aikinsa shi ne sauraron abin da baƙon shafi ke yi da mayar masa da martani. Da burauzar Netscape 3, wato manhajar buɗe shafuka, ta fito a 1996 ta ba wannan harshe ikon musanya hoto da wani hoton, daga nan aka sami wani motsi da ya game duniya: maɓallin da ke canja launi idan kibiya ta hau shi. A bayan fage hotuna biyu ne ga kowane maɓalli, ɗaya a kashe, ɗaya a kunne. Maɓalli takwas, hoto goma sha shida, a zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho mai ja kamar hawainiya. Wanda bai yi dabarar sauko da hotunan tun da wuri ba, baƙonsa zai ɗora kibiya ya ga fili fetal, hoton bai iso ba.

Shekarar 1997 ta kawo iko mafi girma da kuma ciwon kai mafi tsanani. Netscape 4 da Internet Explorer 4 duk sun ba da damar ɓoye sashen shafi, bayyana shi, da matsar da shi, amma kowacce da yarenta. Ta farko tana jin document.layers, ta biyu tana jin document.all, kuma babu mai amsa kiran 'yar uwarta. Mai son jerin zaɓi mai saukowa dole ya rubuta aikin sau biyu, ya sa mai gadi a ƙofa yana tambayar kowace burauza sunanta kafin a miƙa mata nata kason. Hukumar W3C ta fitar da ƙa'ida ɗaya ga kowa a 1998, amma sai da aka yi shekaru kafin tsofaffin burauzoji su bar kasuwa.

Yadda ake samar da motsin kansa kuwa, dabarar majigi ce. Babu abin da ke tafiya da gaske. Akwai wani umarni, setTimeout, mai cewa a jira kaza sannan a yi kaza. Sai a ce wa akwati ya sauko ɗigo 5, a jira milisakan 20, ya ƙara 5, a sake jira. Akwati mai tsawon ɗigo 200 zai yi taku 40, ya gama cikin milisakan 800 a lissafin takarda. A kwamfuta mai ƙarfi haka abin yake. A tsohuwar kwamfutar ofis mai nishi, kowane taku yana makara, sai saukowar ta ɗauki sakan biyu ko uku tana tangaɗi. Kuskuren shi ne ƙidayar taku maimakon duban agogo. Masu wayo daga baya suka juya lissafin: a kowane taku a tambayi agogo nawa ya wuce daga cikin lokacin da aka ɗiba, a ajiye akwatin inda ya kamata a ce ya kai. Kwamfuta mai rauni za ta tsallake wasu takun, amma za ta iso tare da kowa.

Waɗanda suka gaji da wannan wahala suka koma Flash na kamfanin Macromedia, inda jerin zaɓi ke iya juyawa, yin ƙara, har da tartsatsin wuta. An yi shagali. An kuma yi asara, domin injin bincike ba ya iya karanta abin da ke ciki yadda ya kamata, makaho mai amfani da manhajar karanta allo yakan iske bango, wanda bai saka Flash a kwamfutarsa ba kuwa ko ƙofar shiga shafin ba zai gani ba.

Masu ra'ayin sauƙi sun mayar da martani a 2003, lokacin da Patrick Griffiths da Dan Webb suka wallafa wata hanya mai suna Suckerfish a mujallar A List Apart. Jerin zaɓi ya zama jeri na gaskiya a HTML, harshen ado na CSS ya ɗauki aikin ɓoyewa da bayyanawa, JavaScript kuwa aka rage shi zuwa 'yan layuka, su ma don lallashin Internet Explorer ne, wadda a lokacin ba ta gane hawan kibiya sai a kan mahaɗi kaɗai. Tsaf-tsaf, sai dai babu taushi. Akwati yakan faɗo farat ɗaya, ya ɓace farat ɗaya, kuma kibiya na kaucewa da ɗigo guda an rasa shi.

Sai ga jQuery, wani tarin rubutun JavaScript da aka shirya don masu shafuka. John Resig ya gabatar da ita a birnin New York a watan Janairu na 2006, kuma cikin 'yan shekaru ta zama gishirin kusan kowane shafi. Aikin da a da yake cin shafi biyu na rubutu ya koma kalma ɗaya, slideDown, akwati ya zamo a hankali a kowace burauza. Idan ba a faɗi tsawon lokaci ba, milisakan 400 take ɗauka. Mai gaggawa ya nemi 200, mai nawa ya nemi 600. Motsin ma ba a miƙe yake ba, yakan tashi a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a ƙarshe, kamar direban kirki da ba ya fizgar mota kuma ba ya taka burki a fusace. Lissafin irin wannan lanƙwasa, Robert Penner ne ya yaɗa shi tsakanin masu Flash a farkon shekarun 2000, daga can ya bazu zuwa JavaScript.

Sauƙi ya zo da nasa sharrin. jQuery tana jera motsi a layi, kowanne ya jira na gabansa ya gama. Idan yaro mai wasa ya wuce da kibiya kan jerin sau biyar da sauri sannan ya ɗauke hannunsa, akwatin zai ci gaba da buɗewa da rufewa shi kaɗai, sau biyar cif, kamar ƙyauren da iska ke wasa da shi a gidan da ba kowa. Maganin kalma ɗaya ce, stop, wadda ke katse motsin da ake ciki kafin a fara sabo, amma dubban shafuka sun rayu sun mutu ba a saka musu ita ba. Brian Cherne ya bi ta wata hanyar da ƙaramar manhajarsa hoverIntent, wadda ke leƙa kibiya kowane milisakan 100. Idan ta ga tana gudu, ta ƙyale ta, mai wucewa ce. Sai ta ga ta rage sauri sannan ta buɗe akwati. Wannan shi ne karo na farko da masu shafuka da yawa suka fara auna niyyar baƙo maimakon wurin da kibiyarsa ta faɗa.

Alƙaluman nan ba da ka ake faɗarsu ba. Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke mu'amala da kwamfuta, ya tattara iyakoki uku a littafinsa na 1993, bisa binciken da ya faro tun shekarun 1960. Abin da ya faru cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum yana jin shi ya yi shi da hannunsa. Zuwa sakan ɗaya ya san an jinkirta, amma zaren tunaninsa bai tsinke ba. Bayan sakan goma hankalinsa ya tafi wani wuri. Da ya yi rubutu kan manyan jerin zaɓi a 2009, shawararsa ita ce a jira kibiya ta tsaya rabin sakan kafin a buɗe, idan an tashi buɗewa kuma a gama cikin kashi ɗaya bisa goma. Idan aka ɗora milisakan 400 na jQuery a kan wannan ma'auni, sai a ga ya ninka iyakar farko sau huɗu. Baƙo zai yaba kyansa a ziyarar farko. Ma'aikacin da ke buɗe jerin sau ɗari a yini kuwa, sakan arba'in yake bayarwa kullum yana kallon akwati na yanga.

Duk wannan ilimi an gina shi ne a kan kibiya mai shawagi, sai iPhone ta zo a 2007 ta nuna cewa yatsa ba ya shawagi: ko ya taɓa, ko bai taɓa ba. A wasiƙar da Steve Jobs ya wallafa a watan Afrilu na 2010 yana bayyana dalilin hana Flash shiga wayoyin Apple, ya ambaci wannan batu kai tsaye, cewa shafukan Flash da yawa sun dogara da hawan kibiya, abin da allon taɓawa bai san da shi ba. Flash ta yi ta jan rai har ƙarshen 2020, lokacin da Adobe, kamfanin da ya gaje ta daga Macromedia, ya rufe babinta.

A kan ƙaramin allo jerin zaɓi ya rasa wurin zama, sai aka tura shi bayan wasu gajerun layuka uku a kusurwa, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan hambaga don sun yi kama da burodi biyu da nama a tsakiya. Ita ma tsohuwar ajiya ce: Norm Cox ya zana ta don kwamfutar Xerox Star ta 1981. A nan motsi ya sami aikin yi na gaske. Idan aka taɓa alamar, jerin ya zamo daga gefen hagu, ido ya ga inda ya fito, ya kuma san inda zai koma idan aka ture shi. Duk da haka abin da aka ɓoye ba kowa ke nemansa ba, shi ya sa Facebook ta mayar da manyan zaɓuɓɓukan manhajarta ta iPhone zuwa ƙasan allo a 2013, inda babban yatsa ke kai wa gare su ba tare da an buɗe komai ba. Akwai ma wani jinkirin da burauzojin waya suka daɗe suna sakawa da kansu: bayan kowane taɓi sukan jira kimanin milisakan 300 ko za a taɓa na biyu don ƙara girman shafi. Chrome ta cire shi a 2014 ga shafukan da aka tsara don waya.

Waya ta kuma tona asirin rubutu mai nauyi. Yawancin allo yana sabunta hotonsa sau 60 a sakan, wato burauza tana da milisakan 16 da 'yan kai ta gama duk lissafinta kafin hoto na gaba. Idan ta makara, ido ya ga tsalle. Canja tsawon akwati, kamar yadda slideDown ke yi, yana tilasta mata sake auna duk abin da ke ƙarƙashinsa a kowane taku, tamkar a matsar da mutum ɗaya a sahun gaba, kowa a sahu sai ya gyara tsayuwa. Zamar da akwatin a matsayin hoto guda, ko dusashe shi, aiki ne da sashen zane na na'ura ke ɗauka ba tare da an taɓa sauran shafin ba. Wannan ne ya sa ƙwararru suka taƙaita kansu ga abubuwa biyu, transform da opacity, suka bar wa CSS motsin, ikon da injin WebKit na Safari ya fara gwadawa a 2007. Bambancin ba ya bayyana a babbar kwamfutar mai ƙera shafi. A kan ƙaramar Tecno ko itel ta shekara huɗu, irin wadda ta cika aljihuna a Kano da Maraɗi, yana bayyana ƙarara. Masu Opera Mini, burauzar da ta yi farin jini a Najeriya saboda tattalin data, sun ga abin da ya fi haka: a yanayinta na matse data sosai, kwamfutocin kamfanin ne ke gudanar da rubutun su aiko da sakamako, don haka motsin ba ya isowa ko kaɗan, kuma jerin da ba ya buɗewa sai da motsi yakan zama ƙofa a kulle.

Akwai kuma waɗanda motsin ke sa wa ciwo a zahiri. Da Apple ta fitar da iOS 7 a watan Satumba na 2013, mai cike da zuƙowa da shawagi, mutane masu matsalar kunnen ciki suka yi ta kukan jiri da tashin zuciya. Cikin 'yan makonni kamfanin ya faɗaɗa maɓallin rage motsi. A 2017 Safari ta ba shafuka hanyar sanin ko mai waya ya kunna wannan maɓalli, ta wata tambaya mai suna prefers-reduced-motion, sauran burauzoji suka bi sahu. Layi uku ko huɗu ne a rubuce, kuma har yau shafuka da yawa ba su damu su yi tambayar ba. Makaho kuma, wanda duk rawar akwatin ba ta dame shi ba, kalma ɗaya yake buƙata: alamar aria-expanded, wadda ke sa manhajarsa ta gaya masa ko jerin a buɗe yake ko a rufe.

Da haka aikin JavaScript a jerin zaɓi ya yi ta raguwa. A shafi mai tsafta na yau, sau da yawa abin da ya rage masa shi ne juya waccan alama daga rufe zuwa buɗe, mayar da ita idan an danna maɓallin fita, da kula da inda mai amfani da madannai yake. Daga 2023 zuwa 2024 manyan burauzoji suka karɓi wata sifa mai suna popover, wadda ke buɗewa da rufewa ba tare da layin rubutu ko ɗaya ba. Abin da CSS ba ta iya ba har yanzu shi ne tuna inda kibiya take ɗazu, balle ta ƙiyasta inda za ta. Wannan ya sa alwatikar tana nan daram a hannun rubutun umarni. Tarin kayan aiki na Floating UI yana da ita da sunan safePolygon, wasu kuma suna shimfiɗa ta a zahiri, wani fili marar launi da ake sake zanawa ƙarƙashin kibiya a kowane motsi. Lokacin gwaji mai ƙerawa yakan shafa mata ja ko kore don ya ga abin da yake yi, sai ta riƙa miƙewa tana tsukewa a bayan kibiyar kamar inuwar la'asar, tana gajarcewa yayin da aka kusanci akwatin. Idan ya gamsu kusurwoyin sun zauna daidai, sai ya goge layin launin, ya tura shafin.